Kan jirgin Wushishi mai lamba 1: ƙaramin injin da ya fara tafiya a Arewacin Najeriya

A Minna, babban birnin jihar Neja, akwai wani ƙaramin kan jirgin ƙasa da aka ajiye don tarihi. Ana kiransa injin Wushishi mai lamba 1, kuma shi ake ɗauka a matsayin kan jirgi na farko da ya yi aiki a Arewacin Najeriya. Kamfanin Hunslet na birnin Lids a Ingila ne ya ƙera shi a 1901, shekarar da layin dogo na Gwalkwas, wato Ghana ta yanzu, ya tashi daga Sekondi ya isa Tarkwa. Wancan layi ya tsaya a Kumasi a 1903, kuma har yau jirgi bai shiga Tamale ba.

Injin na cikin irin waɗanda ake cewa masu tanki. Manyan kawunan jirgi na tururi suna jan tarago na musamman da ke ɗauke musu ruwa da kwal. Shi wannan a jikinsa yake ɗaukar guzurinsa: tankunan ruwa a gefen tukunya, rumbun makamashi a bayan direba. Ƙafafunsa takwas ne, shida masu ja, biyu ƙanana a baya masu tallafar nauyi. Amfanin wannan ƙira shi ne yana tafiya gaba ko baya ba tare da an juya shi ba, yana kuma iya bin lanƙwasa mai tsanani. Illarta kuwa, ruwansa kaɗan ne, ba ya nisa sai ya tsaya ya sha.

Kogin Kaduna ne ya jawo sayensa. Gwamna Lugga ya zaɓi Zungeru, wadda Hausawa ke kira Dungurum, ta zama hedikwatarsa, ya ƙaura can daga Jebba a 1902. Duk kayan ginin sabon garin ta ruwa suke zuwa, daga kogin Kwara zuwa na Kaduna, amma jiragen ruwa ba sa iya kaiwa Zungeru. Sai aka shimfiɗa siririn layi mai faɗin ƙafa biyu da rabi, kimanin santimita 76, daga bakin ruwa a Wushishi, aka buɗe shi a ƙarshen 1901. Ba a jima ba aka ga cewa ita ma Wushishi ruwa na gaza mata da rani, don haka a 1902 aka ƙara layin zuwa Barijuko. Tsawonsa gaba ɗaya ya zama mil 22, kusan kilomita 35.

A wannan ɗan zango injin ya yi shekarunsa na farko, yana kai da komo da katako, siminti, kwanon rufi, wasiƙu, ma'aikata da kayan soja. Kada ƙanƙantarsa ta ruɗi mai karatu. Garin da yake yi wa dako shi ne inda aka tsara yaƙin da ya ci Kano da Sakkwato a 1903.

Babban layi ne ya raba shi da aikinsa. A zamanin Gwamna Girouard aka fara gina layin Baro zuwa Kano mai faɗin ƙafa uku da rabi, ya isa Kano a 1911. Layin Legas kuma ya biyo ta Jebba da Zungeru ya haɗe da shi a Minna. Daga nan babu mai bukatar sauke kaya a Barijuko, aka rufe ƙaramin layin.

Sai dai ba a zubar da kayan ba. A lokacin kamfanonin haƙar kuza a tsaunukan Jos suna kukan tsadar dako, domin a ka ake ɗaukar kuzar na kwanaki kafin a kai ta inda jirgi yake. Aka kwashe ƙarafan Wushishi da injunanta zuwa Zariya, aka sa su cikin ginin wani siririn layin mai irin wannan faɗi, wanda aka sa wa sunan lardin Bauchi ko da yake bai je garin Bauchi ba. Ya kai Rahama a 1912, ya hau tsauni zuwa Jos da Bukuru a 1914, tafiyar kusan kilomita 230. A Zariya dole a sauke kowane buhu daga ƙaramin tarago a ɗora a babba, saboda faɗin layukan biyu ba ɗaya ba ne.

Abin da ya faru a Wushishi ya sake faruwa a nan. A 1927 babban layi ya shigo Jos ta Kafanchan, kuza ta koma bin hanyar Fatakwal. Siririn layin ya ƙara shekara talatin yana ɗaukar fasinja da amfanin gona, sannan aka rufe shi a 1957.