Mutumin Da Ya Nemo Muryarsa A Madubi

Na shekara goma sha ɗaya ina riƙe da alli kafin muryata ta fara yi mini gardama. Kafin azahar sai ta dushe, wuyana ya sage. Na sha zuma da citta, na je wurin mai tausa, amma sauƙin ba ya wuce kwana biyu. Malamin da ba shi da murya kuwa, abincinsa ne ke shirin kuɓucewa. A wannan hali na ci karo da tarihin Frederick Matthias Alexander.

An haife shi a 1869 a tsibirin Tasmaniya na Ostareliya. Da ya koma birnin Melbourne, sai ya ɗauki sana'ar karanta wasannin Shakespeare a gaban jama'a. Ana cikin haka murya ta riƙa ɗauke masa. Likita ya ce ya huta mako biyu kafin wani babban taro. Ya huta, muryar ta dawo, amma tun bai sauka daga dandamali ba ta sake dushewa. Nan ya yi wa kansa tambaya: tunda hutu na warkar da ni, magana kuma na maido da ciwon, ashe ba wani abu nake yi wa kaina ba in na buɗe baki?

Sai ya jera madubai yana kallon kansa. Ya ga duk lokacin da zai fara karatu yakan janye kai baya, ya danne maƙogwaro, ya zuƙi iska ta baki. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne, sa'ad da yake jin ya miƙe daidai, madubi na nuna masa a karkace yake. Ƙwaƙwalwa da jijiyoyi sun saba da kuskure har sun ɗauke shi daidai. Dabarar da ya gano ita ce dakatawa: mutum ya ƙi bin umarnin farko da jiki ya saba, ya saki wuya, sannan ya motsa.

A 1904 ya tafi Landan, inda ya riƙa koyarwa da hannunsa, yana bi da kai da wuyan ɗalibi a hankali yayin zama da tashi. Marubuta irin su George Bernard Shaw da Aldous Huxley sun yi karatu a wurinsa, kuma a 1931 ya fara horar da malamai. Bai rasa masu suka ba. Wata mujalla a Afirka ta Kudu ta kira aikinsa yaudara, ya kai ƙara, ya yi nasara a 1948. Ya rasu a 1955.

Sai a 2008 mujallar likitocin Birtaniya ta buga gwajin da aka yi da mutum 579 masu daɗaɗɗen ciwon baya. Waɗanda suka sami darasi 24 sun sami raguwar ranakun ciwo ƙwarai bayan shekara guda. Wannan bai mai da dabarar maganin kowace cuta ba, kuma ba ta maye gurbin likita ba.

Ni dai na jingina madubi a ɗakina, na karanta darasin gobe da ƙarfi. Na ga haɓata na ɗagawa, kafaɗuna na hawa kunne, abin da ban taɓa sanin ina yi ba. Hausawa na cewa hali zanen dutse ne. Watanni na yi ina koyon dakatawa kafin in ce wa yara su buɗe littafi, kuma har yau ina aji.