Tarihin Binciken Ƙwayar HIV a Cikin Maniyyi

Tun da aka fara ba da rahoton cutar ƙanjamau a Amurka a 1981 likitoci ke zargin cewa ta hanyar jima'i take yaɗuwa. Hujja ta samu a 1984, shekara guda bayan Cibiyar Pasteur da ke Paris ta gano ƙwayar cutar, lokacin da ayarin David Ho da na Daniel Zagury, kowanne da nasa binciken, suka same ta a cikin maniyyi. A 1985 kuma aka ruwaito cewa mata huɗu a Ostareliya sun kamu bayan an zuba musu maniyyin wani mai ɗauke da cutar a asibiti domin su samu ciki.

Daga nan muhawara ta koma kan inda ƙwayar ke maƙalewa. Maniyyi ya ƙunshi ruwa, da fararen ƙwayoyin jini, da ƙwayoyin haihuwa masu wutsiya. HIV tana buƙatar ƙofar da ake kira CD4 kafin ta kutsa cikin ƙwayar halitta, kuma yawancin bincike bai samu wannan ƙofa a jikin ƙwayar haihuwar namiji ba. Har mazan da aka ɗaure musu bututun haihuwa an samu cutar a ruwansu. Ashe a ruwan da fararen ƙwayoyin take zaune.

A kan haka Augusto Semprini na Milan ya gina dabarar wanke maniyyi, wadda ya wallafa a 1992. Ana juya maniyyin a na'ura har sassansa su rabu, a bar ƙwayoyin haihuwa masu kuzari su yi iyo zuwa saman ruwa mai tsabta, sannan a kwashe su a saka wa matar. Dabarar na da tsada, amma dubban ma'aurata sun haihu lafiya ta wannan hanya.

Duk da haka ba a wanke ƙwayar haihuwar daga zargi baki ɗaya ba. A 2009 masu bincike a Buenos Aires suka nuna a ɗakin gwaji cewa HIV na iya mannewa a bayan ƙwayar haihuwar, ita kuma ta yi dakonta har zuwa ƙwayoyin garkuwar jiki.

Magani ne ya sauya lissafin. Gwajin HPTN 052 na 2011 ya nuna fara shan magani da wuri na rage yaɗuwa tsakanin ma'aurata da kashi 96 cikin 100. A yau mijin da magani ya danne ƙwayar a jininsa har gwaji ba ya ganinta kan iya haihuwa da matarsa ba tare da an wanke komai ba.