Kofin Ƙalubale na Ingila: Tarihin Gasar da Ƙanana ke Kayar da Manya

Kofin Ƙalubale na Ingila, wanda aka fi sani da Kofin FA, shi ne gasar ƙwallon ƙafa mafi daɗewa da har yau ake bugawa a duniya. An kafa shi a 1871, shekara 17 kafin a soma gasar lig a ƙasar. Tsarinsa sili-ɗaya-ƙwale ne, kuma ƙofarsa a buɗe take tun daga zakarun Firimiya har ƙungiyoyin ƙauye da 'yan wasansu ke zuwa atisaye da yamma bayan sun tashi daga aiki. A kakar 2011-12 ƙungiyoyi 763 ne suka shiga, adadi mafi yawa a tarihin gasar. Arsenal ta ɗauki kofin sau 14, Manchester United sau 13. Amma abin da ya sa sunansa ya zauna a bakin mutane shi ne ranakun da irin waɗannan manyan suka sha ƙasa a hannun waɗanda ba a san da su ba.

Wanda ya kawo shawarar kafa gasar shi ne Charles Alcock, sakataren hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, a wani zama da aka yi a Landan ranar 20 ga Yulin 1871. Ya ɗauko tsarin ne daga makarantar Harrow da ya yi karatu, inda gidajen kwanan ɗalibai ke karawa da juna har a bar gida ɗaya. Ƙungiyoyi 15 suka ba da suna. A wasan ƙarshe, ranar 16 ga Maris 1872 a filin Kennington Oval, Wanderers, wadda Alcock ɗin ne kyaftin ɗinta, ta ci Royal Engineers 1-0 a gaban 'yan kallo kimanin 2,000. Tun a wannan karon farko matsalar kuɗi ta nuna kanta: Queen's Park ta taso daga Glasgow, ta yi canjaras da Wanderers a wasan kusa da na ƙarshe, amma ta rasa kuɗin tafiyar da za ta dawo Landan a sake wasan, sai ta janye. Shi kansa kofin farko, da aka saya fam 20, ɓarayi ne suka ɗauke shi a 1895 daga tagar wani kanti a Birmingham lokacin yana hannun Aston Villa, kuma ba a sake ganinsa ba.

A shekarun farko gasar ta 'ya'yan masu hali ce: tsofaffin ɗaliban Eton da Harrow, hafsoshin soja, 'yan jami'ar Oxford. Waɗanda suka fara ƙwanƙwasa musu ƙofa ma'aikatan masaƙun auduga ne daga Lancashire. A 1879 ƙungiyar garin Darwen ta je Landan karawa da Old Etonians. Saura kamar minti 15 a tashi ana cin ta 5-1, sai ta farke duka aka tashi 5-5. Etonians suka ƙi yarda a yi ƙarin lokaci, don haka dole Darwen ta koma gida ta sake dawowa, da kuɗin da mutanen gari suka yi karo-karo. Aka sake tashi 2-2. A zuwa na uku, mutanen da ke wuni tsaye a gaban injin saƙa suna kwana a jirgin ƙasa suka gaji, aka ci su 6-2. Bayan shekara huɗu maƙwabtansu suka rama musu: Blackburn Olympic, mai masaƙa da mai gyaran famfo da ma'aikacin maƙera a cikin 'yan wasanta, ta doke Old Etonians 2-1 a wasan ƙarshe na 1883. Daga ranar kofin bai sake komawa hannun ƙungiyoyin 'yan gata na tsofaffin makarantu ba. A 1885 aka halatta biyan 'yan wasa albashi, a 1888 aka kafa lig, daga nan ma'anar babba da ƙarami ta canza: babba shi ne mai kuɗi da ke rukunin sama, ƙarami kuwa wanda ke ƙasa ko ma ba ya cikin lig ɗin.

Sau ɗaya tak tun kafa lig wata ƙungiya daga wajensa ta ɗauki kofin, kuma sunanta kan ba masu kallon Firimiya na yau mamaki: Tottenham Hotspur ce, a 1901, bayan ta ci Sheffield United 3-1 a wasan da aka sake. Sau ɗaya kuma kofin ya bar ƙasar Ingila, lokacin da Cardiff City ta Wales ta ci Arsenal 1-0 a 1927.

Sirrin abin yana cikin ƙuri'a. Ba a ware manya don kada su haɗu da juna, ba a kuma duba matsayin kowa. Ƙwallaye masu lamba ake zubawa a gauraya, wanda ya fara fitowa shi ke gida. Ƙananan ƙungiyoyi kan fara tun watan Agusta, su yi ta tsallake zagayen share fage, har a kai zagaye na uku a farkon Janairu, lokacin da ƙungiyoyi 44 na manyan rukunai biyu ke shigowa a cika 64. Janairu a Ingila lokacin sanyi ne da ruwa da laka. Ɗan wasan da ya saba da fili kamar darduma sai ya tsinci kansa a ɗakin canza kaya mai kamar shago, 'yan kallo kuma suna dab da layi har yana jin numfashinsu. A lig, mai ƙarfi yana da wasa 38 da zai gyara kuskurensa. A nan minti 90 ne kawai.

Walsall ta rukuni na uku ta ci Arsenal ta Herbert Chapman 2-0 a 1933. A 1949 Yeovil Town, wadda ba ta cikin lig, ta fitar da Sunderland 2-1 a filinta na Huish, filin da ya yi suna saboda gangarensa daga gefe zuwa gefe. A zagaye na gaba Manchester United ta zuba mata 8-0, abin da ke nuna yadda yawancin waɗannan tafiye-tafiye ke ƙarewa. A 1971 Colchester ta rukuni na huɗu, cike da tsofaffin 'yan wasa, ta ci Leeds ta Don Revie 3-2 a lokacin da Leeds ke cikin ƙungiyoyin da aka fi tsoro a Turai.

Wasan da ya zama ma'aunin sauran shi ne na Hereford United da Newcastle, ranar 5 ga Fabrairun 1972. Hereford ba ta cikin lig. Ta je gidan Newcastle aka tashi 2-2, sai aka dawo filinta na Edgar Street a sake, bayan ruwan sama ya sa an ɗage wasan har sau uku. Filin ya zama kamar fadama bayan an cire shinkafa. Saura minti takwas Malcolm Macdonald ya ci wa Newcastle da ka, kowa ya ɗauka zance ya ƙare. Bayan minti uku Ronnie Radford, kafinta ne a sana'arsa ta yau da kullum, ya ƙwace ƙwallo a tsakiyar fili, ya ba abokinsa ya mayar masa, ya ɗirka ta daga wajen yadi 30 ta shige saman raga. Yara sanye da rigunan sanyi suka ɓarke cikin fili ta ko'ina. A ƙarin lokaci Ricky George, wanda ya shigo canji, ya ci ta biyu. Abin da ya bambanta wannan rana da ta Walsall ko Yeovil shi ne kyamarar BBC na wurin, da wani matashin mai sharhi, John Motson, wanda a lokacin gwaji ake yi masa. Shi da kansa ya sha faɗin cewa ƙwallon Radford ce ta kafa shi a aikin. Har yau duk Janairu sai an maimaita hoton. Radford ya rasu a 2022, ƙungiyar da ya ci wa kuwa bashi ya rusa ta a 2014, magoya baya suka kafa sabuwa a kan tsohon filin.

Shekarun da suka biyo baya su ne zamanin da ƙanana suka fi cin kasuwa a wasan ƙarshe a Wembley. Sunderland ta rukuni na biyu ta ci Leeds 1-0 a 1973, ranar da gola Jim Montgomery ya tare ƙwallo biyu a jere da har yau ake mamakinsu. Southampton ta yi wa Manchester United haka a 1976, West Ham ta yi wa Arsenal a 1980, kuma tun daga nan babu wata ƙungiya daga wajen rukunin farko da ta sake ɗaukar kofin. Wimbledon tana rukunin farko a 1988, amma shekara 11 kacal ke nan da shigarta lig lokacin da ta ci Liverpool 1-0, Dave Beasant ya tare fenaretin John Aldridge, John Fashanu, ɗan wani lauya ɗan Najeriya, yana jan gabanta. A Janairun 1992 Wrexham, wadda ta ƙare a ta ƙarshe a duk lig ɗin kakar da ta gabata, ta fitar da Arsenal mai riƙe da kambun lig 2-1, da bugun tazarar Mickey Thomas, ɗan shekara 37. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Masu zuwa gidan kallo a Kano ko Kumasi sun fi tuna kakar 2007-08, don 'yan gida sun taka rawa a cikinta. Havant & Waterlooville ta rukuni na shida ta shiga gaban Liverpool har sau biyu a Anfield kafin a ci ta 5-2. Barnsley ta fitar da Liverpool, sannan ta fitar da Chelsea da ƙwallon Kayode Odejayi, haifaffen Ibadan. Portsmouth ta je Old Trafford ta ci Manchester United 1-0 da fenaretin Sulley Muntari na Ghana, sannan Nwankwo Kanu ya ci ƙwallo ɗaya tilo a wasan kusa da na ƙarshe, ya kuma ci Cardiff a na ƙarshe daga ƙwallon da John Utaka ya kwaso masa. Bayan shekara biyar Wigan ta ci Manchester City 1-0 a wasan ƙarshe da ƙwallon Ben Watson ana dab da tashi, bayan kwana uku kuma ta faɗo daga Firimiya. A 2024 George Elokobi, haifaffen Kamaru, ya jagoranci Maidstone ta rukuni na shida ta ci Ipswich 2-1 har gida.

Wasu ƙasashe sun ɗauki tsarin, wasu ma sun fi Ingila tausaya wa ƙarami. A Faransa, idan tazarar rukuni ta kai biyu, ƙaramar ƙungiya ake ba gida. A can ne Calais, ta 'yan sa-kai daga rukuni na huɗu, ta kai wasan ƙarshe a 2000, Nantes ta ci ta 2-1 da fenareti a minti na ƙarshe, kyaftin ɗin Nantes, Mickaël Landreau, ya kira takwaransa na Calais suka ɗaga kofin tare. Najeriya ma ta gaji gasar tun 1945 da sunan Kofin Gwamna, wanda daga baya ya koma Kofin Ƙalubale.

A bayan duk wannan daɗin baki akwai lissafin kuɗi, kuma shi ne ainihin abin da shugaban ƙaramar ƙungiya ke addu'a a kai ranar ƙuri'a. A Kofin FA ana raba kuɗin ƙofa ne tsakanin mai gida da baƙo, don haka zuwa Old Trafford sau ɗaya kan fi abin da ƙaramar ƙungiya ke samu a kaka guda. Exeter City na cikin ƙangin bashi a Janairun 2005 lokacin da ta riƙe Manchester United 0-0. An ci ta 2-0 a wasan da aka sake, Ronaldo da Rooney suka zura, amma kuɗin wasannin biyu ya taimaka mata ta fita daga bashin. Lincoln City, wadda a 2017 ta zama ta farko daga wajen lig da ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas tun 1914, ta gina filin atisaye da abin da ta samu. A 2021, lokacin korona, Marine ta rukuni na takwas ta karɓi Tottenham ba ɗan kallo ko ɗaya, sai jama'a suka sayi tikiti fiye da 30,000 na wasan da suka san ba za su shiga ba.

Su kuwa manya, tun da kuɗin Firimiya da na Gasar Zakarun Turai suka bunƙasa, kofin ya zame musu ƙarin wahala. Manchester United ta ƙi shiga gasar ta 1999-2000, alhali ita ke riƙe da kofin, ta tafi Brazil gasar ƙungiyoyin duniya. Masu horarwa suka koma zuba yara da 'yan benci a zagayen farko-farko. Sai aka shiga datse sake wasa, wanda a da ba shi da iyaka: a 1971 Alvechurch da Oxford City sai da suka kara sau shida, awa 11, kafin a sami gwani. An fara da kawo bugun fenareti bayan maimaici ɗaya, aka cire maimaicin daga wasan ƙarshe da na kusa da shi, aka sauko zagaye bayan zagaye. A Afrilun 2024 hukumar FA da Firimiya suka sanar da soke shi tun daga zagayen farko, ƙananan ƙungiyoyi da dama kuma suka fito suka ce ba wanda ya tuntuɓe su. Hujjar manya ita ce wasanni sun yi wa 'yan wasansu yawa, kuma akwai gaskiya a ciki, sai dai gasannin Turai da aka faɗaɗa ne suka cika jadawalin, ba zuwa Exeter ba.

Ba a daɗe ba aka ga abin da sabuwar dokar ke nufi. A Janairun 2025 Tamworth ta rukuni na biyar, mai 'yan wasan da ke da wasu sana'o'in, ta riƙe Tottenham 0-0 har minti 90 a ɗan filinta na roba. Da a tsohuwar doka ne, da ta samu tafiya Landan, filin da ke ɗaukar mutum sama da 60,000, da rabonta na kuɗin ƙofa. Sai aka ƙara minti 30, Tottenham ta sako Son da Kulusevski daga benci, aka tashi 3-0.