Adana Tarihin Ƙasar Arewa (Tibiri da Dogon Dutsi)

Ƙasar Arewa, wadda ta ƙunshi gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri a jihar Doso ta Jamhuriyar Nijar, tana cikin ƙasashen da akasarin tarihinsu ya zauna a ƙirjin mutane kafin ya shiga littafi, domin makaɗan fada da dattawan gari su ne suka riƙe nasabar sarakuna, irin su Samna na Tibiri da Sarkin Arewa, suna miƙa ta daga kaka zuwa jika bisa amana. Bature Marc-Henri Piault ya tattara riwayoyin Arawa, ya wallafa Histoire Mawri a 1970. A Yamai kuwa, cibiyar CELHTO, wadda asalinta ya koma 1968, aikinta ɗaukar irin waɗannan riwayoyi na baka da taskace su.

A ƙasar Arewa, wurin tarihi da ya fi shahara shi ne Lugu, inda Sarauniya Mangu ta yi fito-na-fito da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, alhali suna tafe da bindigogi suna ƙone garuruwa, kuma haƙiƙa wurin ya cancanci kulawa ta musamman. A 2006 gwamnatin Nijar ta shigar da shi cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su.