3.2 Nisan Kano da Jidda da Sauyin Tafiyar Hajji a Ƙasar Burumburum

A wannan sashe za a duba yadda jirgin sama ya sauya tafiyar maniyyata daga Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa. Tsakanin Kano da Jidda ta sama akwai kimanin kilomita 3,400, tafiyar da ba ta wuce awa biyar.

A da can, maniyyaci kan bi ta Borno da Wadai da Darfur har zuwa Sawakin a bakin Bahar Maliya, yana tafe yana noma ko ƙwadago domin neman guzuri. Tafiyar kan ci shekaru, shi ya sa akan yi sallama da dangi tamkar ba za a sake ganawa ba. Da yawa sun zauna a Sudan, kamar jama'ar Mai Wurno da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903.

Jirgin sama ya fara sauka a Kano a 1925, sannan jiragen fasinja suka fara zuwa a 1936. Daga baya jigilar alhazai ta koma sama. Sai dai sauƙin bai zo ba tare da hasara ba, domin a ranar 22 ga Janairu, 1973, jirgin alhazai daga Jidda ya yi haɗari a filin jirgin Kano, mutum 176 suka rasu.

Bisa ga wannan, ana iya cewa nisan yana nan yadda yake, ma'auninsa ne ya sauya. A da, ƙarfin jiki da haƙuri ke kai manomi Makka, daga baya kuwa sai abin da rumbunsa da garkensa za su iya biya.