DAGA HAUSARI ZUWA ZONGO: ABIN DA HANYAR BAKIN TEKU TA KOYA MINI



Yau ina so in ɗan yi tsokaci a kan hanyar nan da ta tashi daga Legas ta bi gaɓar teku ta ratsa Kwatano da Lome har Akra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara. Na sha bin ta a mota, wani lokaci don kasuwa, wani lokaci don buɗe ido kawai, kuma duk bin da na yi sai in ga tarihinmu a shimfiɗe a gefen titi, tarihin da yaranmu da aka haifa a Agege da Idi-Araba ba su san da shi ba.

Bari in fara da gida. Ni haifaffen Yusufari ne a arewacin Jihar Yobe, ƙasar Mangawa, inda tuddan rairayi na Tulo-Tulowa da kwarurrukan Bulatura suke, ga dabino da goruba, ga kanwa tana tsatsowa daga ƙasa. Amma kakana daga ƙasar Kano ya zo. Jirgin ƙasa ne ya kawo shi Nguru bayan layin dogo ya isa garin a 1930, ya zauna a unguwar Hausari yana sayen gyaɗa da ƙaro da fata, daga baya ya bi ta Gashuwa ya yada zango a Yusufari. Maƙwabtanmu Barebari suna ce mana Afuno. Wato tun ban san inda Legas take ba na san ma'anar zama a garin da wasu suka riga ka sara.

To, kafin jirgi fa? Kafin jirgi jaki ne da takarkari. Fatake kan ɗauki kanwa da gishirin ƙasar Manga, su haɗa da turkuɗin Kano da kayan fata, madugu na gaba, su yi watanni suna tafiya har Salaga a ƙasar Gwanja, su dawo da goro. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka shahara da wannan fatauci. Duk inda ayari ya saba sauka sai a kira wurin zango, kuma daga nan kalmar ta samo asali, wadda mutanen Gana da Togo da Benin suke furtawa zongo.

Abubuwa biyu suka juya akalar wannan ciniki zuwa bakin teku. Na farko, Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, ikon Asante a kan hanyoyin goro ya yi rauni, sannan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwa da malamai zuwa wasu garuruwa. Cikinsu har da Alhaji Umaru, Bakanon malamin nan marubuci da ya ƙare rayuwarsa a Kete-Karachi a 1934. Na biyu, jirgin ruwa da jirgin ƙasa. Da dogo ya haɗa Legas da Kano, aka buɗe shi a 1912, sai ya zama goron da ake wahalar watanni a kansa ana iya loda shi a jirgin ruwa daga Gana zuwa Legas, a sa a tarago, cikin 'yan kwanaki yana Kano. Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka fara gane wannan dabara tun yana fatauci a Gana. Daga baya manoman ƙasar Yarabawa suka dasa goron da kansu, shi ya sa Agege da Shagamu suka cika da mutanenmu, aka kuma kafa Sabo a Badun a 1916. Nguru kuwa ta zama ƙarshen wannan dogon zare, tana tura shanu da busasshen nama da banda zuwa Kudu, goro yana hawowa.

Yanzu mu hau mota. Daga Legas zuwa Akra bai kai kilomita 500 ba, amma sai ka ƙetare iyaka uku, ga shingaye barkatai, saboda haka tafiyar da ya kamata a gama kafin la'asar takan kai mutum dare. Zangon farko da nake ba kowa shawara ya tsaya shi ne Badagiri. Akwai benen nan da 'yan mishan suka gina a 1845, akwai kurkukun bayi na Seriki Abass, sannan a ɗauke ka a kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu, ka taka da ƙafarka har bakin ruwan da ake loda mutane. A Wida ta ƙasar Benin ma akwai irin wannan, inda aka gina wata babbar ƙofa ta tunawa a 1995.

Mai karatu, kada ka ɗauka wannan labarin wasu ne. Hausawa da Barebari da Nufawa da yawa ta nan aka fitar da su. A Bahia ta ƙasar Birazil bayi Hausawa sun ƙulla tawaye a 1807, kuma a 1835 bayi Musulmi suka yi babban boren da har yau ake nazarinsa. Wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne Ali Eisami, ɗan malami daga yankin Birnin Gazargamu, wanda kufansa ke nan Jihar Yobe. An kama shi, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu ta ƙasar Hausa har ƙasar Yarabawa, a 1818 aka sa shi a jirgi a Porto-Novo. Jirgin yaƙin Ingila ya tare su a teku, aka sauke shi a Saliyo. A can wani Bajamushe mai suna Koelle ya zauna da shi yana rubuta harshen Barebari daga bakinsa, aka buga littafin a 1854. Da na tsaya a bakin ruwan Porto-Novo, shi na yi ta tunawa: mutumin ƙasarmu, wanda ya san rairayi da kanwa kamar ni, ya ga teku karon farko da ankwa a wuyansa.

Wasu kuma bindiga ce ta kai su. A 1863 Baturen nan Glover ya tara Hausawa a Legas, yawancinsu bayin da suka gudo, ya kafa rundunar da sojan Nijeriya ke ɗauka a matsayin tushensa. Da su aka je yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, kuma da dama ba su dawo ba, suka yi aure suka zauna. Ashe ke nan hanya uku ta kai mu teku: fatauci, bauta da aikin soja.

A Kwatano, idan ka tambayi Zongo, kowane ɗan acaɓa zai kai ka. Can za ka ji kiran salla, ka ga mai shayi da mai tsire, ka ji Hausar Dogondutsi da ta Maraɗi da ta Sakkwato a rumfa ɗaya. A Lome kuwa labarin ya sha bamban, kuma shi ne darasi na farko. Tsohon zangon yana tsakiyar birni ne tun zamanin Jamusawa, amma a 1977 hukuma ta rushe shi, aka kwashe mutane zuwa bayan gari ta arewa. Gidajen da aka haifi kaka da jika a ciki suka zama fili.

Da ka wuce Aflao ka shiga Gana, sai ka rasa gane ko kai baƙo ne. Da safe ga koko da ƙosai, har ma Hausa koko suke ce masa. Ga waakye, wato shinkafa da wakenmu, ana dafa shi da karan dafi da 'yar kanwa. Ga tuwon zafi. Na tsaya gaban wata mai abinci a Nima na ga ƙullin kanwa a gefen tukunyarta, na ce a raina, kayan garinmu sun riga ni zuwa. Hausarsu tana da daɗin ji, sai dai ba ruwanta da bambanta mace da namiji, za ka ji an ce Hajiya ya zo. A Akra akwai Sabon Zongo, wanda Malam Baƙo, ɗan wani malami Bakatsine, ya kafa a farkon ƙarni na 20 a filin da sarakunan Ga suka ba shi.

Darasi na biyu a nan yake. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Mutanen da aka haifa a zongo, ba su taɓa ganin Kano ko Katsina ba, suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance suka hau manyan motoci. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin wannan kora, 'yan Gana suka cika wannan hanya ta bakin teku da jakunkunansu. Wannan kuwa bayan an kafa ECOWAS a Legas a 1975, an kuma sa hannu a 1979 cewa ɗan yankin zai iya shiga kowace ƙasa ya yi kwana 90 ba biza. Ko a Agustan 2019 an rufe iyakokin Nijeriya na ƙasa, ba a buɗe Seme ba sai Disambar 2020, kuma 'yan kasuwarmu da yawa sun karye a tsakani. A cikin gida ma ba mu manta Shagamu a 1999 ba, da Idi-Araba a 2002, da kasuwar Shasha ta Badun a 2021.

Ba na kawo waɗannan don in tsorata kowa ba. Abin da nake nufi shi ne zango bai taɓa tsayuwa da ƙarfi ba, da amana ya tsaya. Maigida ya sauki baƙo, ya adana masa kuɗi, ya tsaya masa a kan bashin shanu ko na goro ba tare da rubutu ba, mai gari kuma ya ba da fili saboda ya yarda da mutanen. Amma tarihi ya nuna amana kaɗai ba ta isa ba ranar da siyasa ta juya. Saboda haka, 'yan'uwa, wanda ya sayi fili ya nemi takardarsa. A yi wa yara takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa, a sa su makaranta, su iya harshen masu gari, a kuma girmama sarakunan wurin kamar yadda kakanninmu suka girmama lawanai da bulamomin ƙasar Manga.

Sannan a rubuta tarihi. Kowane zango yana da tsoho ko tsohuwa da suka san wanda ya fara kafa bukka, da wanda ya ba shi wurin, da shekarar da aka gina masallacin farko. Yau kowa yana da waya a aljihu. A je a gaishe su, a ɗauki muryarsu tun suna raye, domin ranar da aka ce mana jiya muka zo, wannan ita ce shaidarmu. Wanda kuma Allah ya hore masa, ya ɗauki 'ya'yansa lokacin hutu ya kai su Badagiri, in da hali har gidan bayi na Elmina da Turawan Fotugal suka gina a 1482, wata shekarar kuma ya kai su Arewa su ga garin kakanninsu. Gani ya kori ji.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, ya sa mu gama lafiya. Sai mun sake haɗuwa.