TARIHIN GEM NA TALABIJIN: KADA LAMBAR KWALI TA RUƊE KI

Yau zancen namu a kan gem ne, wato wasan nan da ake jonawa a talabijin. Na san wata za ta ce ina ruwan mace da gem, ai harkar yara ce da samari. To 'yar uwa, da kuɗin wa ake sayo shi? Sau da yawa kuɗin adashinki ne ko ribar 'yar sana'arki, a falonki kuma za a jona shi, ke ce za ki sha kukan yara in ya mutu bayan kwana uku. Ga shi tsofaffin wasannin ƙuruciyarmu sun dawo kasuwa a cikin 'yan ƙananan na'urori, an rubuta wa kwalinsu wasa dubu goma, wani ma dubu ashirin. Wadda ta san tarihin abin ba za a ruɗe ta da wannan lamba ba, domin ba yau aka fara wannan dabara ba.

Asalin abin a Amurka ne. Wani injiniya mai suna Ralph Baer, haifaffen Jamus wanda ya yi hijira zuwa can a 1938, shi ya ƙera na'urar farko ta yin wasa a talabijin ɗin gida. Kamfanin Magnavox ya fitar da ita a 1972 da sunan Odyssey. Ba ta da sauti ko kaɗan, 'yan ɗigogi ne farare suke yawo a gilashi, in ana son launi sai a manna wata leda mai zane a fuskar talabijin. A shekarar ne kuma kamfanin Atari ya fito da Pong, wasan buga ƙwallo tsakanin sanduna biyu, ya yi na gida a 1975. A 1977 sai ga Atari 2600 mai aiki da kaset, ki zare wannan ki soka wancan, wasa ya canza.

Da aka ga akwai kuɗi a harkar, sai kowa ya tsunduma. Kamfanonin da ba su san kan aikin ba suka dinga zubo kasa-kasai, kwali ya sha zane mai kyau, abin da ke ciki kuwa shirme. Iyaye suka gaji da biyan kuɗi suna kai wa yara abin da ba ya ciyuwa, suka daina saye. A 1983 kasuwar gem ta Amurka ta durƙushe, har Atari ta kwashi kayanta da suka yi kwantai ta binne su a juji a garin Alamogordo na jihar New Mexico. Shekara da shekaru wasu na ɗauka almara ce, sai a 2014 aka haƙa wurin aka tono su. Kin ga karo na farko ke nan da yawa ya kashe kasuwa.

Waɗanda suka farfaɗo da ita mutanen Japan ne. Kamfanin Nintendo tsoho ne ƙwarai, tun 1889 aka kafa shi a birnin Kyoto yana buga karta. A 1983 ya fitar da wata 'yar na'ura fara da ja, ya raɗa mata Family Computer, ana taƙaitawa a ce Famicom, ma'ana kwamfutar iyali. Ki lura da sunan nan, don falo aka yi ta, da hannu biyu a jikinta saboda mutum biyu su yi wasa tare. Da za su kai ta Amurka a 1985 da sunan NES, sai suka ɗauki darasi daga faɗuwar Atari. Suka saka wani makulli a cikinta yadda kaset ɗin da ba su amince da shi ba ba zai tashi ba, suka kuma iyakance wa kowane kamfani wasa biyar kacal a shekara. A 1985 ɗin ne Shigeru Miyamoto da abokan aikinsa suka fito da Super Mario Bros., mutumin nan mai gashin baki da yake tsalle yana cin naman kaza. Duk wasan nan bai wuce kilobayit 40 ba, hoto ɗaya na wayarki ya ninka shi nauyi sau da yawa, amma har yau yara ba su gaji da shi ba. Daga nan Sega ta kawo Mega Drive a 1988 da Sonic a 1991, Nintendo ta yi Super Famicom a 1990, Sony kuma ta shigo da PlayStation mai faifan CD a 1994.

Mu nan, galibin abin da ya iso gidajenmu ba na asalin ba ne, kwaikwayon Famicom ne da ake ƙerawa a Taiwan da Sin. Ba mu kaɗai ba kuma, mutanen Rasha ma irinsa suka taso da shi, wanda suke kira Dendy, tun 1992. Ba zan raina shi ba, domin shi ya sa ɗan talaka ya taɓa gem. Amma wadda ta yi zamanin za ta tuna kaset ɗin nan rawaya mai ɗauke da tara-tara a jere, wai wasa dubu ɗari tara da ɗoriya. In an kunna sai a tarar 'yan wasanni ne da ba su taka kara sun karya ba, Mario da na tankar yaƙi da na harbin agwagwa, an yi ta maimaita su ana canza musu lamba. Wani ma a yi masa siffar PlayStation, a buɗe murfin faifai a tarar da ramin kaset. Karo na biyu ke nan, kallon kitse aka yi wa rogo.

To ta yaya tsofaffin wasannin suka dawo? Wajen 1997 masu ilmin kwamfuta suka yawaita rubuta wata irin manhaja mai kwaikwayon tsohuwar na'ura. Daga cikinsu akwai MAME ta wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria. Aikinta kamar na tafinta ne, tsohon wasa yana magana da harshen na'urarsa, ita kuma tana fassara wa sabuwar na'ura nan take. Gwargwadon ƙarfin tsohuwar na'ura, gwargwadon wahalar fassarar. Shi ya sa ko ƙaramar na'ura mai araha za ta iya da wasannin Famicom da Mega Drive, amma na Nintendo 64 na 1996 ko PlayStation 2 na 2000 sai mai ƙarfi, in ba haka ba hoto ya dinga tsinkewa, sauti yana kakarewa. A 2012 aka fito da Raspberry Pi a Ingila, kwamfuta ce da ba ta fi tafin hannu ba, a kan dala 35, mutane suka dinga mayar da ita gem ɗin talabijin. Da kamfanonin asali suka ga haka, su ma suka shigo. Nintendo ta yi ƙaramin NES a 2016 da wasa 30, ta yi ƙaramin Super Nintendo a 2017 da wasa 21, Sega ta yi ƙaramin Mega Drive a 2019 da wasa 42. Ki duba fa, masu abin da kansu talatin suka zaɓa, mai kwafe ne yake miki alkawarin dubu goma. Nintendo ta daina ƙera nata tun 2018, saboda haka yawancin masu kama da su da ake gani jibge a kasuwa jabu ne. Wannan shi ne karo na uku, kuma mu ake yi wa.

Saboda haka in za ki saya, ko za ki aiki maigida ko ƙaninki, a fara da leƙa bayan talabijin ɗinku. In tsohuwa ce mai ƙeya, ramukanta uku ne, rawaya da fari da ja, sai a nemi na'ura mai irin wannan waya. In ta bango ce, a nemi mai HDMI. Kada ki raina mai ƙeyar nan, da tsohuwar zuma ake magani, dominta aka tsara wasannin, kuma bindigar harbin agwagwa ta da a kanta kaɗai take aiki, ba ta ganin ta bango. A ta bango kuwa, a shiga saitin hoto a zaɓi na gem, in ba haka ba sai yaro ya danna, Mario ya makara wajen tsalle ya faɗa rami. A kuma sa girman hoto a 4:3, kada a baje shi kowa ya koma gajere mai tumbi.

Sai hannu. Shi ne yake shan wahala a wurin yara, shi ne kuma yake fara mutuwa. A tabbatar guda biyu ne, ana kuma samun na canji. Mai waya ya fi kwanciyar hankali, mai batir kullum cikin cin kuɗi yake. Sannan wuta. In tsohuwar na'ura ta asali aka samo ta hannu, a sani wutar Japan bolt 100 ce, ta Amurka 120, tamu kuwa 230, in aka soka ta kai tsaye ba na'urar rage ƙarfin wuta, sai dai ki ji ƙauri. Tsarin hotonsu ma NTSC ne, na Nijeriya PAL, wata talabijin ɗin baƙi da fari za ta nuna. Sababbin kuwa wasanninsu a ɗan memori suke, ɗauke wuta ana tsakiyar wasa yana iya lalata shi, don haka a sa wanda ya iya ya kwafe shi a ajiye. Kada a baro shago sai an jona an gwada wasannin da ake so ɗaya bayan ɗaya. Sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗin muhimmanci. Wasa dubu goma, wace uwa ce za ta iya tantance abin da ke ciki? Ba kowane tsohon wasa ne na yara ba. Mortal Kombat na 1992 jini ne da cire kai, har majalisar dattawan Amurka ta zauna a kan irinsa a 1993, daga nan aka fara rubuta shekarun da suka dace a jikin kwali a 1994. Mai kwafe ba ruwansa da wannan, duk ya zuba miki a tukunya ɗaya. Sannan wasannin nan suna da masu su. Wata kotun Amurka ta yanke a 2000 cewa rubuta manhajar kwaikwayo ba laifi ba ne, amma wasan kansa yana nan a matsayin haƙƙin mai shi. Ni da nake tara kuɗina in buga littafi na san zafin a kwafi gumin mutum a sayar, don haka inda duk aka sami na halak, shi ya fi.

Ni dai shawarata, wasa ashirin masu kyau da kika sani sun fi dubu goma da ba ki sani ba. A jona shi a falo inda idonki yake, a sa masa lokaci, bayan an dawo daga Islamiyya an gama aikin makaranta, in an kira salla kuma a kashe. Ya fi yaro ya sulale gidan gem na bayan layi, ko ya ƙule a ɗaki da waya ba ki san me yake kallo ba. In kin sami sarari ki karɓi hannu ɗaya ku fafata da su, 'yan matan ma a ba su nasu rabon, ai kwamfutar iyali aka ce.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa albarka a cikin abin da muke nema, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.